Kaza Ba Ta Shiga Akurki Ba

Idon kakata Dije ya soma dushewa ina 'yar shekara tara, sai na zama mai duba mata sama. Ƙauyenmu yana arewa da Filinge, kan hanyar Abala. Bayan magariba mukan kewaye ta bakin murhu, wutar tuwo na ƙarasa ci, ta yi mana tatsuniya. Amma kafin ta fara sai ta ce, "Hawwa, ɗaga kai ki hwaɗa min ina Kaza take." Tana nufin ɗan cincirindon taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta.

Wata shekara damina ta yi mana gardama, rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Abin da ya rage a gidan shi ne irin hatsi cikin tulu ɗaya, an liƙe bakinsa da laka. Kwatsam, ana tsakiyar zafi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kashegari gari ya watse zuwa gona. Baba ya ɗauko tulun ya aje tsakar gida.

"Dakanta har maraice," in ji Kaka.

Da maraicen ba wanda ya yi wasa. Baba, wanda bai taɓa zama wurin tatsuniya ba, ya tsaya jikin danga, hannu a baya. Kaka ta fara ba tare da jiran mu ce ta zo mu ji ta ba.

Ta ce Kaza 'ya'ya bakwai gare ta can sama. Wata rana wani gajimare maƙaryaci ya zo wucewa, ya yayyafa ruwa. Autan ya leƙo, ya ga ƙasa ta jiƙe, shinge, garar nan mai fiffike, na tashi. Uwar ta ce ya jira, ya ƙi, ya diro. Kafin ya cika ciki rana ta fito, ƙasa ta bushe, ba ruwan sha, ba hanyar komawa. Shi ya sa shida ake gani. Tun daga nan, in damina ta kusa, Kaza kan kwashe sauran ta shige akurki kwana arba'in, sai ta fito da asuba sannan ruwan gaskiya ke zama.

Ta juyo wajena. "Duba yamma. In ta shige, ubanki shi shibka. In tana nan, ruwan ga ba namu ba ne."

Na tashi na duba. Yamma duk hazo, ban ga komai ba. Na ji daɗi, domin na san abin da Baba ke son ji. Har na buɗe baki, sai na tuna dabarar da ta koya mini, cewa tauraro mai rauni ba a zura masa ido, gefensa ake kallo. Na kauda ido kaɗan. Ga ta nan, dishi-dishi, dab da kan gawon bakin rijiya.

"Kin gan ta ko ba ki gan ta ba?" in ji Baba.

"Tana nan, Baba."

Ya juya wajen Kaka. "Inna, in iri ya kwana cikin tulu mutane suka ci sabon hatsi, mi za ni ce ma yaran ga?"

"In ya ƙone cikin ƙasa fa, mi za ka ce musu?"

Ya ɗauki tulun ya mayar ɗaki.

Kwana biyar gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tamu na nan ja. A rijiya mata na nuna ni da baki. Baba bai yi mini faɗa ba, amma ya daina kiran sunana. Kullum in fita in kalli gabas, ina roƙon Allah kada ruwa ya zo, roƙon da ni kaina ban san ko ya halatta ba. Sati uku ba ɗigo. Tsiron maƙwabta ya lanƙwashe, iska mai zafi ta binne shi da rairayi. Ba wanda ya yi murna a gidanmu. Da ruwa ya dawo sosai, Baba ya fasa bakin tulun, ya raba shi uku, kashi biyu ya ba gidajen da ba su da ko ƙwara.

Yau ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Filinge. Wani maraicen nakan tara yara da iyayensu a fili, mu kafa madubin hangen taurari, su ga 'ya'yan Kaza sun fi a ƙirga. Ina gaya musu akurkin nan hasken rana ne, kuma akwai shekarun da mai shukar wuri ke cin riba. Abin da na gada wurin Kaka shi ne duba da kyau, da faɗin abin da ido ya gani ko da mai tambaya ba zai so ba.

Lokacin da na fara karatu a Yamai na dawo hutu da girman kai, na ce mata taurari ba su kawo ruwa, littafi ya faɗa. Ta lalubo kunnena ta ja.

"Wa ya ce miki ita ka kawo shi? Zakara ma ba shi ka kawo asuba ba, amma wawa kaɗai ka ƙin saurarensa."