Yatsan da Saloma Ta Hana Lalle

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar motar Zuru da yunwa ya san rumfar Saloma. Tukwane uku ne kullum a kan murhunta: tuwon dawa, shinkafa, da miyar kuka da ta ji daddawa. A Dirin Daji aka haife ta. Aure ya yi ta yawo da ita bariki-bariki, mijinta Ebenezer yana soja, ita tana biye da shi da ludayinta. Da ya rasu ta dawo Zuru da 'ya'ya huɗu, kuma tukwanen nan ne suka kai su makaranta. Mace ce da ba ta iya zama ba. Ko a coci, in wa'azi ya yi tsawo, ƙafarta ce ke fara kaɗawa.

Abu ɗaya ya tsaya mata a maƙogwaro. A wani zaɓe can baya ta rufe rumfa, ta bi layi har rana ta take, da ta iso tebur aka ce ai Saloma Ebenezer ta jefa ƙuri'a tun da safe. Ta ɗaga babban yatsanta, fes, ko ɗigon tawada babu. Aka ce ta matsa, mutane na jira. Daga ranar ta yi sallama da zaɓe.

Maƙwabciyarta Nana Khadija ce ta yi ta mita har ta shawo kanta. Ta ce yanzu na'ura ke duba yatsa, ba mai iya aron yatsan wani. Saloma ta je aka sabunta mata rajista, yatsu goma cif, amma ta gindaya sharaɗi: gwaji ɗaya za ta yi, in aka sake korar ta, murhu za ta jefa katin zaɓen.

Sai bikin Khairunnisa, 'yar Nana Khadija, ya faɗo a makon zaɓen. Yarinyar a bayan Saloma ta girma, don haka ranar ƙunshi ba a saurari uzurinta ba. Aka danne ta a tabarma, aka lafta mata lalle mai kauri, aka ɗaure hannayen a leda. Amma tuwon biki a wuyanta yake, mai itace na kira, mai niƙa na kira. Ta huda ledar ta zaro yatsa ɗaya, manunin hagu, ta goge shi a zani, ta ce wannan na danna waya ne. Mata suka yi ta dariya, suka sa masa suna ƙunshin 'yan kasuwa.

Ranar Asabar, a filin firamare, layi ya kawo ta gaban Malam Kefas, malamin makarantar da ke riƙe da na'ura. Ta ɗora babban yatsan dama, na'ura ta ƙi. Na hagu, ta ƙi. Aka juya ga fuska, ita ma ta ƙi, don hoton rajistar na bara ne, tun tana da kumatu, kafin ciwon suga ya zabge ta. A layi aka fara gunaguni, wani yana cewa dama an saita abin ya riƙa tsince mutane. Saloma ta tuna wancan zaɓen. Teburin nan dai, ranar nan dai.

Malam Kefas ya juya hannunta, ya ga yatsu baƙi ƙirin.

"Mama, lalle ne ya rufe zanen. Tun safe haka muke fama da 'yan bikin nan."

Nana Khadija, da ke bayanta, ta rasa inda za ta sa fuska. Ita ta jawo ta zaɓe, ita kuma ta ɗaura mata ƙunshi. Saloma ta karɓi katinta, har ta fara ƙulle shi a bakin zani, sai wayarta ta yi ƙara. Mai itace ne. Ta danna ta da yatsan da ta saba.

Nana Khadija ta cafke hannun tun kafin ya kai kunne.

"Malam, ga wanga. Shi kaɗai ya tsere mana, don ba ya zama, kamar mai shi."

Aka ɗora manunin hagu. Na'ura ta ɗan yi shiru, sannan hoton Saloma ya fito da kumatunsa, da sunanta a ƙasa. Malam Kefas ya duba ya ce ba wanda ya riga ta jefa ƙuri'a da sunanta. Ta sa ya maimaita, ya maimaita.

Ta shiga ta dangwala, ta jefa, aka shafa mata tawada a farce. A kan lalle tawadar ba ta ko fita ba. Ta miƙa wa Malam Kefas manunin ta ce nan zai sa, inda za a gani.

A hanyar gida Nana Khadija ta fara ba ta haƙuri. Saloma ta ce ta ajiye haƙurinta, amma ta gaya wa ƙannen Khairunnisa su riƙa duba ranar zaɓe kafin su tsayar da ranar aure. Sannan ta kira mai itace, wanda har lokacin yana tsaye a bakin rumfa.