Guntsin Ruwa a Gaɓar Kanal

Tun da na fara dambe, numfashi ne ke kayar da ni. Hannu kam Allah Ya ba ni, duk wanda ya taɓa ganina ina casar shinkafa zai shaida. Amma da an gama turmin farko sai bakina ya wangale, in riƙa haki kamar akuyar da aka koro daga gonar tumatir, hannun da nake kare fuska da shi ya sauko. Daga nan sai yadda abokin karawa ya ga dama.

Maigidanmu a dambe wani tsohon mahauci ne a Kura, gajere, ba ya dariya sai da dalili. Ya rantse ba zai ɗaura mini zare in gwada hannu da manyan yaransa ba sai na koyi numfashi ta hanci. Dabararsa ita ce, da sassafe ka guntsi ruwa a gabansa, ka bi gaɓar babban kanal na ban ruwa da gudu har ƙofar ruwan da ke hanyar Bunkure, ka juyo, ka tofar a gaban ƙafarsa. Ruwan kuma jiƙon zoɓo ne ja wur, don kada wani mai wayo ya haɗiye ya sake guntsa a kanal.

Na ci baƙar wahala a kan gaɓar nan. Wata rana in ƙware ya fito ta hanci, wata rana in haɗiye ban ma sani ba. Sauran yaran su yi ta tsokanata, wai Maigida ya fara sa mini sukari tunda sha nake zuwa yi. Haushi kamar ya kashe ni, amma a hankali ƙirjina ya fara buɗewa.

A gida kuma akwai Baffa, yayan mahaifina, wanda ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifin namu. Malami ne, manomi ne, kuma dambe ba ya burge shi ko kaɗan. Da ƙyar ya bar ni, shi ma bisa sharaɗi: ranar da dambe ya sa na yi wa babba rashin ladabi, ranar na bar shi ke nan. Baffa ba ya maimaita magana.

Da girbin shinkafa ya matso, Maigida ya ce zai zaɓi waɗanda zai tafi da su wasan bayan girbi a Garun Malam, kuma wanda bai gwada hannu a gabansa ba, ba shi cikin tafiya. Safiyar da ya sa don zaɓen ita ce damata ta ƙarshe.

Na guntsi zoɓon na kama hanya. Ban taɓa jin jikina haka ba. Na kai ƙofar ruwa na dafa ƙarfen, na juyo, hancina na jan iska sosai, kumatuna cike. Na ci fiye da rabin hanyar dawowa sai na hango mutum biyu suna tahowa a kan gaɓa, sanye da manyan riguna. Tafiyar na gaban kawai na gani na gane shi. Baffa ne, yana kewayawa da baƙo ya ga gona. Baƙon kuwa surukin gidanmu ne daga Madobi, mahaifin mijin yayata.

Gaɓar siririya ce a wurin. Dama kanal ne cike da ruwa, hagu shinkafar mutane ce cikin laka. Ba inda zan ratse, kuma sun riga sun gan ni.

Na rage gudu, na durƙusa a gabansu. Baffa ya tsaya yana jiran gaisuwa, ni kuma ina kallon takalminsa. Haɗiya ɗaya ce tsakanina da "ina kwana", na sani. Na kuma san cewa in na haɗiye, wahalar watanni ta tafi a banza, yaran Maigida su tafi Garun Malam su bar ni da fatanya.

Shirun ya yi tsawo, har Baffa da kansa ya buɗe baki.

"Kai, ka tashi lafiya?"

Babba ya riga ni gaisuwa, a gaban suruki. Na gyaɗa kai. Na ɗaga hannu na nuna kumatuna, amma wa zai gane? Zoɓon ya ɗan tsiyayo ta gefen baki ya ɗiga a rigata.

Baƙon ya ce, "Malam, ko yaron ba shi da lafiya ne?"

Baffa ya ce, "Lafiyarsa lau. Mu je, Alhaji."

Suka raɓa ta gefena suka wuce, gefen rigar Baffa ya shafi kafaɗata. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Amma na miƙe, na ci gaba da gudu.

Na tofar da zoɓon a gaban Maigida. Ya dubi jan da ke ƙasa, ya dube ni, ya ce a kawo zare. Shi da kansa ya naɗe mini hannun dama, ya haɗa ni da wani dogon yaronsa da kowa ke shakka. Turmin farko ya same ni a haƙarƙari, na ji kamar an buga mini taɓarya, amma bakina bai buɗe ba. A na biyu na fara jin hakinsa shi ma. A na uku ba wanda ya kai wani ƙasa, aka raba mu, ina tsaye da ƙafafuna, numfashina daidai. Maigida ya ce, "Kana cikin tafiya." Na kwance zaren, hankalina yana wurin Baffa.

Bayan la'asar na sami Baffa a zaure shi kaɗai, kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki moɗa, ya guntsi ruwa, ya ajiye ta, ya zuba mini ido.

Na sake gaishe shi. Shiru. Na shiga bayani, na faɗi zancen numfashi, da zoɓo, da sharaɗin Maigida, na ba shi haƙuri, na roƙe shi don Allah. Yana nan zaune kumatu cike, idonsa a kaina. Maganar ta ƙare mini, gwiwoyina suka ƙage, zufa ta jiƙa mini baya. Ban taɓa sanin shirun mutum yana da nauyi haka ba.

Can ya haɗiye, ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Ka ji yadda ake ji?"

Na ce, "Na ji, Baffa."

"To, madalla. Daga gobe, da an idar da sallar asuba ka wuce gona. A can za ka riƙa yin safiyarka."

Ranar da motar su Maigida ta bi titin Zariya zuwa Garun Malam, ina cikin ragowar shinkafar Baffa da lauje a hannu, ina jiyo kiɗan kalangunsu har ya ɓace.