Sunan da Ya Faɗa Ƙarƙashin Akwati

Har yau idan na hango jan abu a fuskar kwamfuta sai gabana ya faɗi, ko da ba ni ce zaune a gabanta ba.

A lokacin watana huɗu da fara aiki a wani ɗan shagon buga takardu a Dubeli, cikin Jimeta. Mai shagon dattijo ne ɗan Yola Gari, kowa Bappa yake ce masa, kuma yana da rowar magana. Ranar farko ya nuna mini shuɗayen layukan da suka ratsa shafi, da mai ruwan hoda da ya kewaye shi, ya ce don daidaita aiki ne kawai, ba sa fita a takarda, kada su dame ni. Na riƙe maganar hannu biyu-biyu. Ni kuwa ina ji da kaina: ina buga rubutu ba tare da kallon yatsuna ba, tambaya a wurina zubar da aji ce.

Cikin zafin bazara wani ma'aikacin gwamnati ya kawo aikin jana'izar mahaifinsa, tsohon malamin makaranta. Kiristoci ne 'yan kudancin jiha, kuma al'adarsu ce a buga ɗan littafi a raba a coci: hoton mamaci, tarihinsa, waƙoƙi, sannan a shafin ƙarshe sunayen 'ya'yan da ya bari. Wannan shafin mutane ke fara buɗewa. Wanda ba ya ciki, duniya ta shaida ba ɗa ba ne.

Ranar Juma'a, ana gobe binnewa, Bappa ya tafi masallaci a Yola, mutumin ya dawo da guntuwar takarda ya ajiye kamar tana ƙona masa hannu.

"Mama ta ce a sa wannan a ƙarshe."

Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, idonsa na bakin ƙofa. Sunan autarsu ne. Ta auri Musulmi a Yola Gari, ta musulunta, shekaru ba ta taka gidan ba. Tsohon ya yi ta kiran sunanta a gadon asibiti, uwar kuma ta rantse ba za a sa shi a ƙasa ba sai da sunan 'yarta a littafin. An riga an aika mata ta zo.

Na buga sunan, na gan shi da idona a layin ƙarshe. Sai mutumin ya ce rubutun ya yi ƙanana, idon Mama ba shi da ƙarfi, a ƙara masa girma. Na ƙara. Ya karanta na sama ya gyaɗa kai, wayarsa ta yi ƙara, ya fita.

A nan ne abin ya bayyana. Can gindin akwatin da rubutun ke ciki, a kusurwar dama, ga wani ɗan murabba'i ja da alamar tarawa a tsakiyarsa. Ba zan yi ƙarya ba, na gan shi. Sau uku ina ɗauke kai ina dawowa, yana nan bai motsa ba. Jikina ya ba ni, shagon ya yi tsit in ban da fanka. Amma na ce da raina ai ɗan'uwan shuɗayen layukan nan ne. Na buga shafi ɗaya na duba ko jan ya fito a takarda. Bai fito ba. Har murmushi na yi. Jan kawai na nema, ban karanta sunayen ba. Na buga sauran, na yanke, na ɗinke, kafin la'asar an kwashe.

Ran Litinin da safe Bappa ya buɗe aikin. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗora yatsa a kan jan abin ya ce, "Wannan fa?" Na ce ai ba ya fita a takarda. Bai yi faɗa ba. Ya ce layi daban, gargaɗi daban: jan yana nufin akwati ya cika, akwai rubutun da ya rasa wuri ya ɓuya. Ya ja gindin akwatin ƙasa, sai ga sunan autar ya fito shi kaɗai. 

Muka zauna jiran ɗan mamacin. Bai zo ba ran nan, bai zo ba washegari. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai in leƙa in ga ko shi ne.

Ran Laraba wata mata ta yi sallama, sanye da hijabi, littafin a naɗe a hannunta. Muryarta a ƙasa ta ce, "Abu ɗaya nake so in sani. A takardar da suka kawo, akwai sunana?"

Na juya mata kwamfutar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ba mu labari: ta je da 'ya'yanta har ƙofar coci, aka miƙa mata littafin, ta karanta shafin ƙarshe sau biyu, ta kama hannun yaran ta juya. Uwarta ta sa an yi ta kiranta, ba ta ɗauka ba.

"Na ɗauka sun kira ni ne don su nuna mini matsayina," in ji ta. "Ban ga an binne babana ba."

Na ce, "Adda," yadda muke ce wa yaya mace, "laifina ne, ba nasu ba." Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta ko dube ni ba. Ta roƙi Bappa ya buga mata shafin yadda yake tun asali, ya buga da hannunsa. Ta ninke shi ta cusa cikin littafin, ta ce za ta kai wa Mama, idan an buɗe mata ƙofa.

Na yi shekara shida a shagon bayan nan, ban taɓa jin ko an buɗe mata ba.