Tumbin Makaniken Baba Kyaftin

Cikin shekarun da na yi ina aikin dillanci a Guangzhou, ban taɓa mantawa da ranar da muka je duba samfurin littafin Baba Kyaftin ba. Aikina shi ne in kai baƙo masana'anta, in yi masa tafinta da ciniki, in duba samfur, sannan in loda kaya. Yawancin baƙina Kanawa ne masu sarin takalma da atamfa. Wannan kuwa dattijo ne ɗan Poland, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, wanda ya ajiye kaki ya kama alƙalami. Wani Alhaji ne ya haɗa mu a unguwar Dengfeng, da ya ji yana neman maɗaba'a mai sauƙi.

Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa. Tasi ma sai ya zagaya ta ya duba tayoyi kafin ya shiga, direba na ta zuba hon. Na kai shi wata maɗaba'a a yankin Panyu da ke buga mana kwalayen turare. Ya ba su tsohon hoto don bangon littafin: shi yana saurayi a gaban jirginsa, a gefe kuma ga wani ƙaton mutum mai tumbi, duk baƙin mai a rigarsa.

Ƙa'idar aiki ita ce, ba a buga kaya sai mai shi ya ga samfur ya amince. Ranar dubawa, laoban, wato maigidan wurin, ya zuba mana shayi, ya miƙo littafin yana washe baki. Wallahi ni ya burge ni. Jirgin na walƙiya kamar sabuwar tukunya, an shafe facin fiffikensa, Kyaftin ya zama ɗan kwalisa. Mai tumbi kuwa ya yi ɓatan dabo.

Kyaftin ya daɗe yana kallo, kunnuwansa suka yi ja.

"Ina makanikena?"

Na fassara. Laoban ya kaɗa hannu. "Meiyou, babu shi. Ya tare jirgin ne. Kyauta muka cire, ba mu caje shi ba."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, nan haka suke gyara hoto. Mutanenmu har ƙari suke nema."

Ya ce, "Ɗana, duk tashin da na yi na sauko da raina, hannun mutumin nan ne. Ya rasu. Don shi na rubuta littafin, kuma matarsa na jiran kwafin farko."

Na sake fassarawa. Da laoban ya ji, ya ajiye butar shayi, ya kira mai zanen, suka yi ƙus-ƙus. Sai ya dawo da tayi: za a mayar da marigayin, a rage masa ciki, a wanke masa riga, don girmamawa.

Kyaftin ya buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Kada a taɓa! Matarsa ce ta gina tumbin nan da girkinta. Aka rage ko kaɗan, za ta gane."

Dariya ta ƙwace mini, shi ma ya yi, yana share ido. Haka aka buga shi: faci, baƙin mai, tumbi da komai.

To, ku yara masu shigowa sana'ar nan, mun saba da gyara kaya don su yi kyau a ido. Amma kafin ku bari a goge wani abu a kayan mutum, ku tambaye shi. Wani lokaci abin da kuka ɗauka datti ne, shi ne dalilin da ya sa ya yo tafiyar.