Wasawasar Rabi ta ƙi dahuwa

'Yan'uwa na Yendi da Bawku, yau wasawasa, dambun garin doya, ta ƙi dahuwa a gidanmu na Salaga! Kaina a ruɗe yake, wataƙila na kuskure wani abu.

Matata Rabi ce ta ɗora, karonta na farko tun da aka kawo ta daga Bawku. Ta murza garin doya, ta zuba a madambaci. Har azahar gari ɗanye!

Goggo Asabe ta leƙa, ta tafa hannu. "Wasawasa ba ta dahuwa a hannun marar tsarki. Amarya, kin yi wanka kuwa?"

A gaban baƙi! Rabi ta ce, "Wallahi Goggo, na yi."

Ni kuwa na san dalili. Da hantsi na ga tsumman da aka naɗe wuyan tukunya da shi ya yi dauɗa, sai na zare shi. Ashe shi ke tare tururi.

Rabi ta dube ni. "Malam, ai ka shiga madafa ɗazu. Ka ga wani abu?"

Na ce, "To, ba ni da tabbas."

Ta shige ɗaki, har yanzu ba ta fito ba. In a cikin baƙin akwai wanda ya ji na ƙara ko kalma guda don kare ta, don Allah ya aiko da wasiƙa ya gyara mini.