Walimar Tsohon Babur

Cikin duk ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, wata Alhamis a ƙarshen watan Agusta, lokacin ina sakatare a wani ƙaramin asibiti can bayan Cholire. Ku da kuka fara aiki a nan Garwa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke bin mutum har makewayi, ba lallai ku yarda ba. Amma ni da kafaɗata aka yi abin.

Ƙauyen babu layin waya. Abin da ke haɗa mu da duniya wani farin faranti ne a kan rufi, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam. Tsarinsa na awo ne: kowane wata ana auna mana mudunmu na data. Idan muka cinye kafin lokaci ba a yanke mu, sai dai a shaƙe layin ya koma ɗigo-ɗigo har ɗaya ga sabon wata. Ɗigon nan ma, duk wayar da ke haɗe da akwatinmu mai rarraba intanet ɗin sai an raba da ita. Aikina aika rahoton rigakafi da na haihuwa ne, kuma mudun yana isar wannan har da saura.

Yana isa, da ba don Shef Bubakari ba, wato babban ma'aikacin jinya mai riƙe da asibitin. Mutumin kirki ne, amma yana da kunya mai ban haushi. A wurinsa lambar shiga intanet, wadda muke cewa kod, daidai take da ruwan sha: baƙo ya zo, a yi masa shimfiɗa, a ba shi ruwa, a ba shi kod. Kafin shekara ta zagayo, gindin dalbejiyar ƙofar asibiti ya zama majalisar gari. Dillalan shanu, tela, ladan, har da Jauro, mai garin kansa, tsohon da jikokinsa ke turo wa bidiyon bukukuwa daga Marwa. Na yi magana har bakina ya gaji. Kullum sai Shef ya ce abin da hannu ya bayar, baki ba ya karɓewa. Canza kod kuwa sai injiniyan kamfani, wanda saƙo ke kwana bakwai a wayarsa bai buɗe ba. A watan nan mudunmu ya ƙare tun kafin wata ya raba.

To, muna da mataimakiyar unguwarzoma, Adda Hajara. Shekara tara tana aiki da mu a matsayin 'yar wucin gadi, rabin yaran garin a hannunta suka faɗo. A shekarar aka buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan dindindin, kuma ta intanet kaɗai ake shigar da takardu. Za a rufe shafin ranar Alhamis ƙarfe uku da rabi. Shekarunta sun kai iyakar da aka gindaya, in ta rasa wannan ta rasa ke nan. Takardarta ta ƙarshe mai hatimin hukuma sai yammacin Laraba ta iso, a cikin hular wani mai kwalekwale, domin rafi ya cika ya raba mu da hanyar Cholire. Zancen ta hau babur ta nemi rezo a gari bai ma taso ba.

Ƙarfe takwas na safe na danna aikawa. Kwamfuta ta yi tunani, ta ce saura awa goma sha ɗaya. Na rage nauyin takardun har hatimi ya kusa daina karantuwa, ta sauko zuwa tara. Gardi ya hau rufi ya wanke farantin da sabulu, wai ko kashin tsuntsu ne ya toshe shi. Ni na san inda gizo ke saƙa, don shafin akwatin yana nuna mini waya ashirin da uku a kan layi.

Na sami Shef a ofis, na roƙe shi ya fita ya ce a kashe wayoyi na 'yan awoyi kawai. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

"Malam Sani, so kake in ce wa Jauro ya kashe waya a ƙofata? Gara ka ce in tuɓe riga a tsakiyar kasuwa."

Na ce to ni zan faɗa. Ya ce bakin sakatare bakin shugabansa ne, ban isa ba. Adda Hajara tana tsaye a bakin ƙofa, sai ƙulle bakin gyalenta take tana kwancewa. Ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar ranar ba.

Can sai Shef ya tambaye ni iyakar inda layin ke kaiwa. Na ce ba ya wuce famfon burtsatse. Ya gyaɗa kai, ya gyara hula, ya fita. Ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar shanu, sannan ya sanar cewa yau yana walimar baburinsa a gidansa da ke ɗaya ƙarshen gari, kowa ya zo. Babur ɗin nan shekararsa uku, madubi ɗaya ya rage masa. Babu wanda ya yi dariya. Ladan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya tsare hanya, aka shafa. Ragon da Shef ya turke yana jiran haihuwar matarsa aka kayar, kuma an ce mako guda ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Ina zaune ina kallon adadi yana sauka. Ashirin da uku, sha huɗu, biyar. Bayan azahar ya tsaya a biyu: kwamfutata da wata waya. Wayar nan kuwa ba ƙaramin ci take ba, don ƙarfe biyu ya yi kwamfuta tana cewa saura awa biyu da kwata. Na leƙa ta taga. Jauro ne kwance a kan benci, ya rufe fuska da farin mayafi yana minshari, waya a aljihu. Ƙafafunsa ba sa kai shi nesa, ya ce a kawo masa nasa kason.

A garin nan ba a tashin Jauro daga barci. Na aika aka kira Shef, ya zo da maiƙo a hannu, ya daɗe yana duban tsohon.

"Ba za a tashe shi ba," in ji shi a hankali. "Amma ba wanda ya hana a matsar da babba zuwa inuwa mai sanyi."

Mu huɗu muka kama bencin, ni da Shef da gardi da direban motar asibiti. Adda Hajara ta tsaya a taga, ido ɗaya a kan kwamfuta. Muka ɗaga, muka nufi famfo a sanɗa. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne yadda za a gan mu: maza huɗu, shiru, ɗauke da mutum lulluɓe da farin ƙyalle, daga asibiti. Wata mata a bakin famfo ta saki bokiti, ta ɗora hannu a ka, ta fara salati. In kukan nan ya isa gidan walima, duk garin zai sheƙo da gudu, kowa da wayarsa a aljihu. Muka daskare da benci a kafaɗa.

Sai hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi, ya yi wa matar alamar ta yi shiru. Murya ta biyo baya, ƙasa-ƙasa.

"Ku ƙara taku goma, Bubakari. Har yanzu wayar tana kama sanda ɗaya ta layin."

Hannun ya koma, minshari ya ci gaba, har ya fi na ɗazu ƙarfi.

Muka ƙara taku goma ba wanda ya kalli wani, muka ajiye shi a gindin tsamiya. Ƙarfe uku da minti sha huɗu takardar shaidar karɓa ta fito. Adda Hajara ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ni ma sai da na nemi abin yi a bayan kabad.

Daga baya gardi ya raɗa mini abin da ya hana Jauro kashe wayar da kansa. In ta mutu sai an sa lambar sirri take tashi, lambar kuwa jikansa na Marwa kaɗai ya sani. Tsohon ba zai faɗi haka a gaban jama'a ba, ba zai kuma nuna ya gane mai masaukinsa ya shiga matsi ba. Sai ya kwanta ya bar mana sauran.

Abin da na koya ke nan, ku yara masu zuwa da difloma. Na'ura sati biyu ta ishe ka ka san halinta. Mutanenmu kuwa za su ba ka duk abin da kake nema, har fiye, muddin ba ka sa sun ji an roƙe su ba, kuma ba ka sa sun amsa cewa sun bayar ba.

Adda Hajara ta ci jarrabawar. Ranar da sakamako ya fito, gidan Jauro ta fara zuwa, ta durƙusa tana godiya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Wace Alhamis, 'yata? Ni barci nake yi."