Baƙin da Ba Su Leƙa Rumbu Ba

An cuce mu, kuma ɗan gida ne ya riƙe wuƙar. Ba zan sassauta maganar ba, tunda wanda aka yi wa ba a sassauta mishi ba. Fara ta ci gonar kakana shekara guda, ta tashi ta yi gaba. Mutum ya ci ta, har yau bai tashi ba.

Ko yanzu da furfurata, in na ratsa kasuwa na ji warin jar dawar nan ta buhu, mai ɗan warin magani kamar ɗakin likita, sai in kau da kai in sake hanya. Ba dawar Damargu ba ce. Mu gero muka sani, fari tas, mai ƙamshin rana. Ita waccan sai shekarar masifa take zuwa, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da sunan taimakon gwamnati.

Ƙauyenmu yana yamma da Tanut, inda ƙasa take a shimfiɗe har ido ya gaji. Rumbunan Kaka suna bayan gida, a jere bisa duwatsu, an yi su da zana, kowane da jinkarsa kamar malafa. Kai da ka tashi a birni, bari in gaya maka dokar rumbu. Mace ba ta leƙa shi. Yaro ba ya leƙa shi. Baƙo kuwa ko inuwarsa ba ya zama. Kakata mace ta tsufa a gidan, ta haifi duk mazan da suka noma abin da ke ciki, amma ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin ƙasan rumbun mijinta ba. Kaka yakan ce rumbu cikin maigida ne, kuma ba a buɗa ciki a nuna wa jama'a hanji.

Amma mata ba wawaye ba ne, suna da mudunsu. Ranar fitar da hatsi Baba ne ke hawa, a ɗaga jinka ya shiga, yana miƙo damma. Lokacin girbi, in ya tsaya ciki, har gwiwarsa ana gani. Tsakiyar rani sai ƙirji. In bazara ta yi nisa, hula kawai. Inna na bakin turmi kamar ba ta kallo, alhali ta riga ta auna, ta san yawan ruwan da za ta ƙara wa fura.

Shekarar da nake faɗi, gero ya yi kyau har tsofaffi suka daina yabonsa da ƙarfi don tsoron baki. Ya fitar da kai, ya fara ido. Wata rana bayan azahar sai hasken rana ya dushe, muka ji wani sauti kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa. Fara ce ta sauka. Mu yara murna muka yi. Muka bi da gwangwani muna kaɗawa, muka cika buhuna, Inna ta soya mana da gishiri da barkono, muka ci har leɓe ya tsage. Sai da na ga Kaka tsaye a bakin gona, hannunsa biyu a baya, yana duban kara tsirara, na gane ba biki ake ba.

Kafin sanyi ya wuce, Baba in ya shiga rumbu ko hularsa ba a gani. Daga baya ma sai ƙarar tsintsiya muke ji daga ciki. Kaji suka daina taruwa a ƙarƙashi. Inna da sauran mata suka koma daji tsinkar dilo, ƴaƴan anza, wanda sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ɗacinsa ya bari a haɗiye. Duk da haka kowace safiya Kaka sai ya zagaya rumbunan, ya gyara igiyar jinka, ya kore akuya, kamar mai gadin dukiya.

Ana cikin haka Baffa ya zo bisa babur. Shi ɗan ƙanin Kaka ne, maraya, a gidanmu ya tashi, ƙwarya ɗaya suka ci da Baba. Shi aka sa lakwal, makarantar boko, kuma Kaka ya sayar da sa don ya ci gaba da karatu a Damagaram. Lokacin ya zama mai kanti a garin kasuwa, yana jin Faransanci, duk wani baƙon gwamnati ta hannunsa yake shigo mana. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ya ce za a aiko mutane su ga ɓarnar fara, don a san wanda za a taimaka.

Ya ce, “Baba, manyan baƙi ne. Kada su koma su ce gidan da na fito gidan matsiyata ne.”

Kaka ya ce, “Ba a taɓa faɗi ba, ba kuwa a kaina za a fara ba.”

Ka ji yadda aka kama tsoho, da igiyar da ya tufka da hannunsa. Aka yanka ragon Inna, wanda take kiwo tun yana shan nono. Aka ranto gero wurin wani Buzu abokin Kaka, aka dama fura da nono mai kauri, irin wadda muka manta ɗanɗanonta. Aka share ƙofar gida. Mu yara aka wanke mu, aka shafe mana ƙafafu da mai don kada furu-furu ya nuna. Kaka ya fito da babbar rigarsa mai shuni daga adaka, ya naɗa rawani.

Baƙin suka zo da farar mota, maza da mace guda. Gonar da ke bakin hanya suka duba, ita ma ta taga. Aka shimfiɗa musu tabarmi ƙarƙashin aduwa, suka ci, suka sha, muna laɓe bayan darni muna ƙirga lomarsu da ido. Da aka gama, macen ta wanke hannu, ta miƙe, ta ce tana so ta ga rumbuna. Na tuna takalminta, na tuna ta riga ta yi taku biyu ko uku wajen bayan gida.

Baffa ya yi dariya, ya yi mata magana da Faransanci, sannan ya juya da Hausa don kowa ya ji. “Madam, nan Damargu ne. Ko matar gida ba ta leƙa rumbu, balle baƙuwa.”

Maza suka yi dariya. Kaka ya gyaɗa kai, ya ji daɗi ɗansa ya tsare mishi mutunci. Matar ta ce, “A gafarce ni, Baba,” ta koma ta zauna. Shi ke nan binciken. Suka tafi da cinyar rago da zabi a bayan mota.

Taimako ya zo, ba zan yi wa gwamnati ƙarya ba. Kamiyo ya sauke buhuna a mangaza, ɗakin ajiya na garin kasuwa, aka damƙa wa Baffa mabuɗi, tunda shi ya san mutane. A ƙauyenmu aka tara gwauraye mata da makafi, aka auna musu ƴan tiyoyi, aka ɗauki hoto. Gidan Kaka ko ƙwaya. Da Baba ya tambaya, Baffa ya ce shi ma abin ya dame shi, amma baƙi da idonsu suka ga gidan da ya yanka rago, ya zai yi? Waɗanda suka aiko buhunan ba wanda ya sake tako ƙasarmu ya ga inda suka shiga.

Da bazara ta kai wuya, zafi ya sa ko kare ba ya haushi, dilo ma ya ƙare a daji. Kaka ya sa rigar nan mai shuni, ya hau jaki ya tafi garin kasuwa. Ya dawo a ƙasa, jakin na ɗauke da buhuna. Ya jinginar wa Baffa babbar gona, ta gandu, wadda ke gangaren tabki, wadda ko shekarar fari ba ta kunyata mu.

Inna ta kwance bakin buhu, warin ya bugo. Jar dawa ce, irin wadda aka auna wa makafi ranar hoto. Ta dubi kakata. Kakata ta ce, “Ke dai daka.”

Ni na kai wa Kaka tuwon. Wasan jika muke yi da shi, uwargida yake ce mini, ni kuma in ce na sake shi don ba shi da haƙora. Ya yi loma ɗaya, ya ce, “Uwargida, yau tuwon naki da ɗaci.”

Na ce, “Ai ba a gonarmu aka noma ba.”

Wasa na yi, irin na kullum. Bai rama ba. Ya daɗe yana duban akushi, sannan ya ci gaba da ci, don yunwa ba ta san zuciya ba. Ya sani, Baba ya sani, duk ƙauye an sani. Ba wanda ya buɗa baki, don faɗi yana nufin a yarda rumbu ba kome, a kuma yarda ɗan da aka goya ɓarawo ne.

Da ruwa ya sauka, ƴan ƙwadagon Baffa ne suka shiga gonar da sungumi. Kaka ya sake hanyar zuwa rijiya don kada ya ratsa ta wurin. Baba ya yi arewa neman abin fansa, ya dawo da tari da ɗan abin da bai kai ba. Jingina ta tsufa ta zama mallaka. Ranar da Kaka ya rasu, Baffa ne a gaban tabarma yana karɓar gaisuwa, yana share ido da bakin rawani.

Na daɗe ina juya wannan abu, tun kafin in shiga yaƙi da jahilci da jikoki a bayana, in koyi riƙe alƙalamin da nake rubuta maka wannan. Baffa ɓarawo ne, wannan ba gardama. Baƙin nan kuwa an biya su don su duba, suka duba akushi. Wanda ya aiko abinci bai bi sawunsa ba, kura ya ba ajiya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina son Kaka har gobe, kuma ina jin haushinsa har gobe. Ya zaɓi mu kwana da yunwa da a san muna jin ta. Kunyar mara kunya asara ce, kuma ba shi kaɗai ya yi asarar ba, har da mu da ba a tambaya ba.

Yanzu an ce zamani ya sake. Kowa da waya a aljihu, rediyo na faɗin taimako tun bai baro Yamai ba, mata na zama a taro har a tafa musu. Amma inuwar aduwar nan tana nan, kuma har yau a nan baƙi ke tsayawa.

Bana ruwa ya ɗauke gero na da ciki, ya bushe a tsaye. Tun rasuwar mijina na dawo gida, ni da ɗiyana mata biyu muna noma rabin ƴar gonar da ta rage, yayana na noma rabi. Ɗan Baffa shi ne kansila yanzu. Shi ya aiko cewa masu duba ɓarna na tafe, kuma a cikin saƙon ya haɗa da cewa in abin ya matsa mana kada mu ji nauyi, gonar nan ai ta gida ce, zai riƙe mana ita jingina.

Ana gobe za su zo, bayan la'asar, na tarar da yayana yana ɗaure rago a turke.

Na ce, “Yaya, wannan fa? Suna za a yi?”

Ya ce, “Bashi na ɗauko. Baƙi ba sa zuwa gidan Kaka su tashi haka.”

“To in sun ƙoshi, sai ka nuna musu me?”

“Ke matsalarki ke nan. Tunda kika iya karanta allon asibiti ba a zauna lafiya ba.”

“Allon asibiti bai ci gonar gandu ba, Yaya. Rago ya ci ta. Wannan kuma da ka ɗaure, sauran gonar yake kallo.”

Ya ce, “Ko me za ki ce, ba a tona asirin gida ina raye.”

Na ce, “Naka rumbun ne asiri. Nawa, ni na noma abin da babu a ciki.”

Ya juya ya tafi yi wa ragon dusa.

Washegari da hantsi na kira ɗiyana. Muka jingina tsani, muka kwance igiya, muka ciccibo jinkar rumbun nawa, ƙura da kashin ɓera na zubo mana a ka. Muka ɗauke ta mu uku, muka ratsa gaban maza suna shimfiɗa tabarmi, muka dire ta a tsakiyar hanyar mota, inda ba a wucewa sai an tsaya. Na aiki ƙaramar ta bi gida gida ta gaya wa mata abin da na yi, wadda ta ga za ta iya ta fito da tata. Ni kuwa na zauna a gindin jinkar, na miƙe ƙafa, ina fuskantar gabas inda ƙurar mota ke ɓullowa.